Daga Filin Makaranta zuwa Kambun Ƙasa: Kakar Ƙwallon Ƙafa ta Manyan Makarantu

Gabatarwa

Ya kai ɗalibi, idan ka taɓa ratsa garin Jimeta da yamma, bayan an idar da sallar La'asar, lalle ka ga yadda kowane fili yake cika da matasa masu buga ƙwallo. Wasu suna da takalma da riguna iri ɗaya, wasu kuwa ƙafa a ƙasa suke yi, sun ajiye duwatsu biyu a madadin raga. Haka abin yake a cikin Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a shekarar 1841, haka kuma yake a ƙetaren kogin Binuwai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matasa yana da buri a ransa, wato wata rana ya ɗaga kofi sama jama'a suna tafi.

A wannan darasi za ka koyi yadda ɗaliban manyan makarantu suke fafatawa domin neman kambun ƙasa a wasan ƙwallon ƙafa. Za ka ga yadda ake tsara kakar wasa, da yadda ake lissafin maki, da irin wahalar da ƙungiya take sha kafin ta kai wasan ƙarshe. Abin da ake so ka riƙe shi ne, kofin da ake miƙawa a rana ɗaya, an daɗe ana gina shi tun daga wasan farko na kakar.

Makaranta ce mafarin ƙwallo

Tarihin ƙwallon ƙafa a Nijeriya ya soma ne a makaranta. Wasan farko da masana suka samu labarinsa a rubuce an buga shi a Kalaba a shekarar 1904, tsakanin makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila. Daga makarantu wasan ya bazu zuwa ma'aikatun gwamnati da kamfanoni da unguwanni, har ya zama abin da babba da yaro suke so.

Bayan samun 'yancin kai, jami'o'in ƙasar nan suka ga ya dace su riƙa tara ɗalibansu domin gwada ƙwazo. A shekarar 1966 aka yi wasannin jami'o'i na farko a Jami'ar Ibadan. Jami'o'i biyar ne a ƙasar a wancan lokaci: Ibadan, da Nsukka, da Legas, da Ife, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ƙungiyar da take shirya waɗannan wasanni ana kiranta NUGA. Takan haɗa guje-guje da tsalle-tsalle da iyo da ƙwallon kwando da sauransu, amma ƙwallon ƙafa ce ta fi jan 'yan kallo. Kwalejojin kimiyya da fasaha suna da tasu gasar mai suna NIPOGA, kwalejojin horar da malamai kuma suna da NICEGA.

Wannan tsari ya shafi Yola da Jimeta kai tsaye, domin kowane irin makarantun nan akwai shi a wurin. Akwai Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, tana kan hanyar Girei bayan an haye gadar Binuwai. Akwai Jami'ar Amurka ta Nijeriya a Yola, wadda ta soma karɓar ɗalibai a 2005. Akwai kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Adamawa, duk biyun a Jimeta. Ke nan idan ka kammala sakandare ka samu gurbi a ɗaya daga cikinsu, ka shiga sahun waɗanda za su iya neman kambun ƙasa da sunan makarantarsu.

Mece ce kakar wasa?

Kalmar kaka a wurin Bahaushe tana nufin lokacin girbi. Masu sharhin wasanni suka aro ta, suka ce kakar wasa, wato tsawon lokacin da ake ɗauka daga wasan farko na gasa zuwa ranar ba da kofi. Aron ya dace, domin ɗan wasa kamar manomi yake. Sai ya yi sharar gona, ya yi shuka, ya yi noma, kafin ya ga amfani.

Sharar gonar ƙungiyar makaranta ita ce zaɓen 'yan wasa. A farkon zangon karatu sashen wasanni yakan shirya gasa tsakanin tsangayoyi ko tsakanin ɗakunan kwanan ɗalibai. Mai horarwa yakan tsaya a gefen fili yana lura. Yana neman mai tsaron gida wanda ba ya tsoro, da 'yan baya masu natsuwa, da 'yan tsakiya masu iya raba ƙwallo, da 'yan gaba waɗanda ba sa ɓarar da dama. Mutum 11 ne suke shiga fili daga kowane ɓangare, amma dole a tanadi wasu a benci saboda rauni ko gajiya.

Daga nan sai atisaye. A Yola yanayi yana da tasiri a kan wannan aiki. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a ma'aunin zafi, saboda haka da sassafe ko da yamma liƙis ake fita. Da damina fili yakan yi santsi, da hunturu kuwa ƙasa takan bushe ta yi tauri, ƙura kuma ta shaƙe numfashi. Ɗan wasan da ya saba da waɗannan duka yakan yi juriya, wannan juriya kuwa takan yi masa rana idan wasa ya kai minti na 80 ƙafafu sun yi nauyi.

Hanyoyi biyu na fitar da zakara

Akwai manyan hanyoyi biyu da ake bi domin a san gwani na gwanaye. Ya kamata ka fahimce su, domin kusan kowace gasa a duniya a kansu take.

Hanya ta farko ita ce ta tara maki. Kowace ƙungiya takan kara da sauran ƙungiyoyin da suke rukuni ɗaya da ita. Wadda ta yi nasara tana samun maki 3. Idan an tashi canjaras, kowace tana samun maki 1. Wadda aka doke ba ta da komai. A da maki 2 ake bai wa mai nasara. Ingila ce ta koma maki 3 a 1981 domin ƙungiyoyi su daina gamsuwa da canjaras, kuma an yi amfani da tsarin a gasar cin kofin duniya ta 1994.

Bari mu ƙaddara ƙungiyoyi huɗu ne a rukuni, kuma ɗaya kaɗai za ta wuce gaba. Mu kira su da launin rigunansu: Ja, Kore, Fari da Shuɗi. Ga sakamakon wasanninsu shida:

Ja 1, Fari 0
Kore 3, Shuɗi 0
Ja 1, Kore 1
Fari 2, Shuɗi 2
Ja 2, Shuɗi 1
Kore 2, Fari 1

Idan ka lissafa za ka ga Ja ta ci wasa biyu ta yi canjaras ɗaya, tana da maki 7. Kore ma haka, maki 7. To, wa zai wuce? A nan ake duba bambancin ƙwallaye, wato a ɗebe ƙwallayen da aka zura wa ƙungiya daga waɗanda ta zura. Ja ta ci 4, an ci ta 2, rararta 2. Kore ta ci 6, an ci ta 2, rararta 4. Saboda haka Kore ce za ta wuce, Ja kuwa ta koma gida alhali ba wanda ya doke ta. Lura da inda bambancin ya samo asali. A rana ta farko Ja ta ci ƙwallo ɗaya ta tsaya a nan, Kore kuwa ta ci uku. Da gaskiyar Bahaushe da ya ce Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.

Hanya ta biyu ita ce ta sili-ɗaya-ƙwale. A nan babu tara maki. Wanda aka doke ya fita ke nan. Idan ƙungiyoyi 16 suka soma, zagayen farko zai bar 8, na biyu ya bar 4, na uku ya bar 2, sannan a yi wasan ƙarshe. Idan an cika minti 90 babu wanda ya yi rinjaye, akan ƙara minti 30, ko kuma a tafi bugun fenariti kai tsaye, gwargwadon dokar gasar. Wani lokaci akan buga karawa biyu, gida da waje, a haɗa ƙwallayen wasannin biyu.

Kowace hanya tana da amfaninta da kuma aibinta. Tara maki yana saka wa ƙungiyar da ta dage tsawon kaka, domin kuskuren rana ɗaya ba ya rusa ta. Sai dai yana cin lokaci da kuɗi. Sili-ɗaya-ƙwale yana da sauri da armashi, yana kuma bai wa ƙaramar ƙungiya damar kayar da babba, amma ƙungiya mafi ƙarfi tana iya faɗuwa saboda santsin ƙafar mai tsaron gida sau ɗaya tak. Wannan ne ya sa yawancin gasanni suke haɗa hanyoyin biyu: a soma da rukuni, a ƙare da sili-ɗaya-ƙwale.

Tseren neman kambun ƙasa

Jami'o'in Nijeriya sun yi yawa a yau, ba zai yiwu kowace ta kara da kowace ba. Saboda haka akan raba su shiyya-shiyya, a yi wasannin share fage, waɗanda suka tsallake su ne suke zuwa babbar gasa. Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi ta karɓi baƙuncin wasannin NUGA a 2017, Jami'ar Legas kuma ta karɓa a 2022.

A shekarar 2018 aka ƙaddamar da wata gasa ta ƙwallon ƙafa zalla domin manyan makarantu, mai suna HiFL, tare da haɗin gwiwar NUGA. Kowace jami'a tana shiga da laƙabinta. Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi ce ta ɗauki kofin farko. A 2019 Jami'ar Kalaba ta karɓe shi. A 2021 kuwa Jami'ar Maiduguri ta kawo shi yankin Arewa maso Gabas, yankin da jihar Adamawa take ciki. Wannan nasara darasi ce ga ɗaliban Yola da Jimeta, domin ta nuna nisa da Legas ba ya hana makaranta zama zakarar ƙasa.

Duk da haka, kada ka raina wahalar tafiya. Ƙungiyar da za ta tashi daga Yola zuwa kudu a mota takan bi ta Numan, ta nufi Jalingo da Wukari da Makurɗi, ko kuma ta bi ta Gombe da Bauchi da Jos. Tafiya ce ta wuni guda ko fiye. 'Yan wasa sukan sauka ƙafafu a kumbure, su kwana a baƙon wuri, su ci abincin da ba su saba ba, washegari su shiga fili gaban dubban magoya bayan abokan karawarsu. Wannan ne dalilin da ya sa masana wasan suke cewa canjaras a waje ba abin yarwa ba ne.

Akwai kuma abubuwan da suka fi ƙarfin 'yan wasa. Gasar ɗalibai tana tafiya ne da jadawalin karatu, idan makarantu suka rufe, wasa ma ya tsaya. Annobar korona ta rufe makarantu a 2020, yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 kuma ya ɗauki wata takwas. Ɗalibin da yake ajin ƙarshe yana iya rasa damarsa ta ƙarshe ta haka.

Mutanen Adamawa sun ɗanɗana daɗi da ɗacin lissafin maki a gasar ƙwararru ma. Ƙungiyar Adamawa United ta hau babbar gasar ƙasa a 2019. Kakar farko ba ta kammala ba saboda annobar korona, ba a kuma saukar da kowa ba. A kaka ta gaba, wadda ta ƙare a 2021, makinta bai isa ba, ta koma ƙaramar gasa. Hawa abu ne mai wuya, zama a sama kuma ya fi shi wuya.

Yadda abin yake a Amurka

Idan ka ji ana maganar ƙwallon jami'o'i a Amurka, ka sani wani wasa ne dabam. Ƙwallonsu mai siffar ƙwai ce, yawanci da hannu ake ɗaukarta ko a jefa, 'yan wasa kuma suna sa hular kwano saboda karo. Wasan farko tsakanin jami'o'insu an yi shi a 1869, tsakanin Rutgers da Princeton. A yau filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 100,000.

Matsalarsu iri ɗaya ce da tamu: makarantu sun yi yawa, kaka kuma gajeriya ce, daga ƙarshen Agusta zuwa Janairu. Shekaru da dama suna dogara da ƙuri'ar 'yan jarida da masu horarwa domin a bayyana zakara, har wani lokaci a samu zakaru biyu a shekara ɗaya, gardama ta kaure. Daga kakar 2014 suka kafa kwamitin da yake zaɓen jami'o'i 4 su yi sili-ɗaya-ƙwale, a 2024 kuma aka faɗaɗa adadin zuwa 12. Ka ga ke nan ko'ina a duniya mutane sun fi yarda da zakaran da ya fito daga fili.

Ɗalibi tukuna, sannan ɗan wasa

Akwai doka ɗaya da ta bambanta gasar makarantu da kowace gasa: dole ɗan wasa ya kasance ɗalibi na gaskiya a makarantar da yake wakilta. Kafin gasa akan tantance kowa, a duba katin shaidarsa da takardar rajistarsa. Wanda aka ɗauko daga waje aka sa masa rigar makaranta, shi ake kira sojan haya. Idan asiri ya tonu, akan ƙwace makin ƙungiyar ko a kore ta daga gasar, wahalar ɗalibai na gaskiya ta tashi a banza. Ko da asirin bai tonu ba, an zalunci ɗalibin da ya yi wata da watanni yana atisaye aka bar shi a benci. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Wataƙila ka ji ana cewa ba a haɗa taura biyu a baki, wato wai karatu da ƙwallo ba sa tafiya tare. Tarihi ya nuna suna iya tafiya. A cikin 'yan wasan da suka ciyo wa Nijeriya kofin Afirka na farko a 1980 akwai Segun Odegbami, wanda ya karanta aikin injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ibadan, da Adokiye Amiesimaka, wanda ya karanta shari'a a Jami'ar Legas ya zama lauya. Abin da ake buƙata shi ne tsara lokaci: safiya ta aji, yamma ta fili, dare na bita.

Ka tuna kuma cewa zamanin ɗan ƙwallo gajere ne. Kaɗan ne suke wuce shekara 35 suna bugawa, rauni ɗaya a gwiwa kuma yana iya kawo ƙarshen komai. A cikin ɗaruruwan ɗaliban da suke shiga gasa, ƙungiya ɗaya ce take ɗaga kofi. Sauran za su koma makarantunsu da abin da suka koya na haƙuri da biyayya ga alƙalin wasa da aiki tare, ga kuma abokai daga sassan ƙasa waɗanda da ba su taɓa haɗuwa ba. Wannan dama ba ta maza kaɗai ba ce, 'yan mata ma suna da ƙungiyoyinsu a makarantu.

Saboda haka, idan an sa ranar gasar gidaje ko ta azuzuwa a makarantarku, kada ka ce ai ƙaramin wasa ne. Ka fito da wuri, ka ɗaure takalminka da kyau, ka buga wasan farko kamar shi ne na ƙarshe. Da rarrafe yaro kan tashi.

Ma'anar wasu kalmomi

kambu: matsayin wanda ya fi kowa a gasa
zakara: wanda ya zo na ɗaya
fafatawa: gwada ƙarfi ko gwaninta tsakanin ɓangarori
canjaras: tashi wasa babu wanda ya yi rinjaye, ana kuma cewa kunnen doki
atisaye: motsa jiki da gwajin wasa kafin gasa
rara: abin da ya saura bayan an ɗebe wani daga wani
share fage: wasannin farko da ake tace ƙungiyoyi da su
tantancewa: bincike domin a tabbatar da cancantar mutum
armashi: abin da yake ƙara wa abu daɗi da ƙayatarwa

Tambayoyi

1. A ina aka buga wasan ƙwallon ƙafa na farko da aka samu labarinsa a Nijeriya, kuma a wace shekara?
2. Kawo sunayen manyan makarantu uku da suke Yola da Jimeta da kewaye.
3. Me ya sa masu sharhin wasanni suka aro kalmar kaka?
4. Maki nawa Fari da Shuɗi suka samu a misalin da aka bayar? Wace ce ta zo ta uku, kuma don me?
5. Idan ƙungiyoyi 16 suka yi sili-ɗaya-ƙwale, karawa ɗaya a kowane zagaye, wasa nawa zakara zai ci kafin ya ɗauki kofi?
6. Wane ne sojan haya, kuma wace illa yake jawo wa ƙungiya?
7. Tsamo karin magana guda uku daga cikin darasin, ka bayyana ma'anar kowace.

Aiki

Ku kasu rukuni huɗu a aji. Kowane rukuni ya zaɓi launi. Ku tsara jadawalin wasanni shida, ku rubuta sakamakon da kuka ga dama, sannan ku zana teburin maki a allo, ku bayyana da Hausa wanda ya zo na ɗaya da dalilin haka. Bayan wannan, kowa ya rubuta sakin layi biyu a kan wannan batu: "Tsakanin tara maki da sili-ɗaya-ƙwale, wanne ya fi adalci?"